Yadda Aikin Gayya Ke Buɗe Hanyoyin Ruwa A Fadamar Haɗejiya Da Nguru

Duk wanda ya bi hanyar Haɗejiya zuwa Nguru da rani zai ga wata irin doguwar ciyawa kore shar, wadda ta fi tsayin mutum, ta shimfiɗu dama da hagun iyakar ganin ido. Baƙo sai ya ɗauka wata albarka ce. Amma mutanen wurin sun san ba haka abin yake ba. Sunan wannan ciyawa kachalla, kuma ita ce ta cinye gonakin da suka gāda, ta toshe hanyoyin jiragensu, ta hana kifi da tsuntsayen ruwa sakat. Shekara da shekaru ke nan manoma da masunta da makiyaya na wannan yanki suna yaƙi da ita, ba su da makami sai lauje da adda da haɗin kai.

Ita dai wannan fadama tana tsakanin Jihar Jigawa ne da Jihar Yobe, inda kogin Haɗejiya da na Jama'are suke bazuwa cikin ƙasa mai rairayi kafin su haɗu kusa da Gashuwa su zama kogin Yobe, wanda ke gangarawa Tabkin Chadi. Bayan kogin Haɗejiya ya wuce garin Haɗejiya, sai ya rabu gida uku, watau tsohon kogin Haɗejiya, da Burum Gana, da kuma Marma wadda ke zuba cikin tabkin Nguru. A da can, ruwa kan cika fadamar da damina, a shuka shinkafa, a kama tarwaɗa da karfasa da bargi. Sa'ad da ruwan ya fara janyewa sai a bi danshinsa da wake da sauran amfanin rani, Fulani kuma su sauko da dabbobinsu. Hausawa da Badawa da Barebari duk sun dogara ne ga wannan zuwa da komowa na ruwa.

Asalin Matsalar

Masu magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Cikin 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, sa'an nan cikin 1992 aka gama ta Challawa. Ba wanda zai yi musun amfaninsu, gama da su ake noman rani a Kadawa, da su kuma birnin Kano yake samun ruwan sha. Amma fa sun sāke halin kogin. A da kogin yakan yi toroƙo da damina ya ƙafe da rani. Yanzu kuwa ambaliyar da ke wanke hanyoyin ruwa ta ragu, alhali ruwan da ake saki daga madatsun yana gudana kaɗan-kaɗan duk shekara.

To, abin da kachalla take so ke nan, ruwa maras zurfi wanda ba ya ƙafewa. Tana yaɗuwa ta saiwa a ƙarƙashin laka, iska kuma tana ɗaukar irinta. Da ta kafu sai ta tare yashi da taɓo, hanya ta cike. Ta haka tsohon kogin Haɗejiya da Burum Gana suka toshe, mafi yawan ruwan ya karkata zuwa Marma. Sai ga abin mamaki: ƙauyukan gefen Marma ruwa ya ci gonakinsu, na gefen Burum Gana kuwa suna kukan ƙishi. Bugu da ƙari, kachalla ta zama maɓoyar tsuntsun jan-baki mai cinye gero da dawa da shinkafa, da sauro, da katantanwar da ke kawo ciwon tsargiya.

Ranar Gayya

Da abin ya ishi jama'a sai suka koma ga abin da kakanninsu suka sani, watau gayya. Masu unguwa da bulamai da sarakunan ruwa sukan tsai da rana, a yi shela, kowane ƙauye a yanka masa rabonsa na tsawon hanyar. Tun da asuba samari za su faɗa ruwa, wani wurin iya gwiwa, wani wurin iya ƙirji, ga sanyin hunturu, ga matsattsaku, ga macizai. Waɗansu suna sara, waɗansu suna jan abin da aka sare da jirage zuwa tudu don kada ya ruɓe cikin ruwa, mata kuwa suna gida suna dafa abincin ma'aikata.

Aikin yana da dabara. In an sare kachalla a bisa ruwa, ko aka sa mata wuta, ba a yi kome ba, kwana kaɗan za ta tofo. Sai an sare ta a ƙarƙashin ruwa, domin ta karanta ne saiwar take shan iska. In ruwa ya rufe kututturen sai saiwar ta shaƙe ta mutu.

A farkon shekarun 2000 wani shiri na kyautata zaman mutanen fadama, wanda Gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyinsa, ya haɗa kan ƙauyukan da ke gefen Burum Gana suka yi irin wannan gayya, ruwa ya sāke bin hanyarsa. Abin da ya fi kome muhimmanci a nan shi ne, mutanen sama da na ƙasa, waɗanda a da kowa yake tare ruwa ko ya fasa gaɓa don amfanin kansa, sun zauna inuwa guda sun gane hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Rabon Tsuntsaye

Ba 'yan Adam kaɗai suke cin moriyar wannan aiki ba. Fadamar gida ce ta dinya da kirinjijiya da zalɓe da jinjimi da balbela. Har ila yau kowace shekara dubban agwagin ruwa da waɗansu tsuntsaye sukan gudo wa sanyin ƙasashen Turai, su ƙetare hamadar Sahara, su sauka nan su yi hunturu. Saboda su ne aka kafa shirin kiyaye fadamar cikin 1987, Yarima Philip na Ingila kuma ya ziyarci mafakar tsuntsaye ta Dagona cikin 1989. Cikin 2000 aka sa tabkin Nguru da Marma, masu faɗin hekta 58,100, cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, su ne kuwa na farko a Nijeriya. Baturiya da Dagona suka bi baya cikin 2008.

Yawancin waɗannan tsuntsaye suna bukatar sararin ruwa ne da gaɓa mai taɓo inda za su yi kiwo. Inda kachalla ta rufe, ba su da wurin sauka. Saboda haka duk hanyar da aka share, an buɗe wa kifi hanyar zuwa wurin ƙwai, an kuma mayar wa tsuntsu da akushinsa. Sauran abin da ya rage wa jama'a shi ne su hana farauta barkatai, da zuba guba, da kamun kifi da koma mai ƙananan idanu. Gauraka, wanda a da ake jin kukansa a fadamun Arewa, yau ya yi wuyar gani a ƙasar nan. Wannan kuwa ya isa ishara.

Sauran Aiki

Duk da haka, tilas a faɗi gaskiya: gayya ita kaɗai ba za ta kashe kachalla ba. Hanyar da aka share bana, in aka yi sakaci da ita, baɗi sai ta koma gidan jiya. Akwai kuma wuraren da yashi ya cike, waɗanda sai injin haƙa. Tushen ciwon yana can sama, ga yadda ake sakin ruwa. Masana sun daɗe suna ba da shawara cewa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ta riƙa sakin ruwa mai yawa da damina, ta kuma rage shi da rani, yadda kogin zai riƙa cika yana ƙafewa kamar yadda Allah ya halicce shi.

Talakawan Guri da Kirikasamma da Nguru da ƙasar Bade sun riga sun nuna abin da lauje da adda za su iya. Saura hukumomi su kama musu, domin kada gumin da ake zubarwa kowace shekara ya bi ruwa.