Kamun Kai da Cimma Buri: Darasi daga Manoman Auduga na Tcholliré

1.0 Gabatarwa

Babu mutumin da ba shi da buri. Manomi yana son ya sayi shanun huɗa ko ya yi wa ɗakinsa rufin kwano. Uwa tana son ta haɗa wa 'yarta kayan ɗaki. Ɗalibi kuma yana son ya gama karatu da sakamako mai kyau. Sai dai tsakanin buri da cikarsa akwai watanni ko shekaru, kuma a cikinsu ne son zuciya yake samun ƙofar shiga. Wannan takarda za ta yi bayanin kamun kai ta hanyar duba rayuwar manoman auduga na Tcholliré, hedkwatar yankin Mayo-Rey da ke lardin Arewa na ƙasar Kamaru. Abin da za a nuna shi ne, mai kamun kai yakan ɗaure kansa tun da wuri, kafin jarrabawa ta iso.

2.0 Ma'anar Kamun Kai

Kamun kai shi ne mutum ya iya hana kansa abin da zuciyarsa take so yanzu, domin wani abin da ya fi shi amfani nan gaba. Yana da dangantaka da haƙuri, amma akwai bambanci. Haƙuri ya ƙunshi jure abin da ya sami mutum ba da sonsa ba, kamar rashin lafiya ko fari. Shi kuwa kamun kai, abin yana hannun mutum, yana da ikon ci ko kashewa, amma ya bari. Fulani, waɗanda masarautarsu ta Rai Buba take wannan yanki, sun sanya irin wannan hali cikin ginshiƙan pulaaku, wato munyal (haƙuri da juriya), da semteende (kunya), da hakkiilo (hankali da hangen nesa). Hausawa kuma suna cewa don tuwon gobe ake wanke tukunya.

3.0 Shekarar Manomin Auduga

Auduga ita ce babbar hanyar samun kuɗi ga manoma da yawa a arewacin Kamaru. Kamfanin Sodecoton, wanda aka kafa a 1974 kuma hedkwatarsa take Garwa, shi ne yake sayen audugar. Yana ba ƙungiyoyin manoma taki da maganin feshi bashi, a cire kuɗin idan an kai auduga sikeli. Ana shuka daga ƙarshen watan Mayu zuwa Yuni, a yi noma da maimai da feshi cikin damina, a fara cirar auduga bayan ɗaukewar ruwa.

Abin lura a nan shi ne, manomin auduga ba kamar ma'aikaci ba ne da yake karɓar albashi duk wata. Kuɗinsa yakan zo a dunƙule, bayan kaka. Da wannan kuɗi zai yi sutura, ya biya kuɗin makaranta, ya sayi magani, ya ɗauki 'yan ƙwadago idan damina ta dawo. Ranar da kuɗin ya shigo, masu bin bashi da 'yan'uwa da 'yan kasuwa duk sun sani. Kuma rani lokacin bukukuwa ne. Wanda ya saki hannu a watan Fabrairu, shi ne zai nemi rance a lokacin marka, sa'ad da hatsi ya yi tsada, rumbu ya yi ƙasa, aiki kuma ya yi yawa.

4.0 Dabarun Kamun Kai

Manoman da suka daɗe a harkar ba sa dogara da ƙarfin zuciya kaɗai. Suna da dabaru, kuma ga huɗu daga cikinsu.

4.1 Rumbu

Manomi mai hankali ba ya cika gonarsa da auduga kawai. Yakan shuka masara ko dawa da gyaɗa, ya ware abincin shekara ya zuba a rumbu ya rufe. Buɗe rumbu aiki ne da iyali za su gani, don haka ba a yin sa da wasa.

4.2 Dabba

Kuɗin da yake aljihu yana da saurin narkewa. Idan aka mai da shi akuya ko tunkiya ko maraƙi, sai an jira ranar kasuwa, an ja dabbar, an yi ciniki, kafin a kashe shi. Wannan jinkiri yakan isa sha'awa ta huce. Ga shi kuma dabba tana haihuwa.

4.3 Adashi da lamunin juna

A adashi, kowa yana zubi a ranar da aka yanke, ɗaya ya kwashe. Mai zubi ya san in ya fasa zai ji kunyar uwar adashi da sauran abokan zubi. Haka nan bashin taki: manoma sukan haɗu rukuni-rukuni su lamunci juna, in ɗaya ya kasa biya, sauran ne za su ɗauki nauyin. Saboda haka wanda ya yi niyyar sayar da takinsa ya kashe kuɗin, ya san idon maƙwabta yana kansa. A nan kunya ce take taimakon kamun kai.

4.4 Biyan buƙata tun kuɗi na hannu

Dabara ta huɗu ita ce a biya babbar buƙata a makon da kuɗi ya shigo. An gwada amfanin wannan a yammacin Kenya. Masana tattalin arziki uku, Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson, sun wallafa sakamakon bincikensu a 2011. Manoman masara na can sukan ce suna da niyyar sa taki, amma idan lokacinsa ya yi sai a tarar kuɗin ya ƙare. Da aka ba su damar biyan kuɗin taki nan da nan bayan girbi, a kawo musu har gida kyauta, sai masu amfani da taki suka ƙaru sosai. Da aka yi wa wasu irin wannan tayi a makare, bai yi tasiri kamar haka ba. Ke nan niyya ɗaya ce, lokacin yanke shawara ne ya bambanta.

5.0 Tarbiyya

Kamun kai abu ne da ake koyo, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tun wajen 1970 Walter Mischel ya yi wani gwaji a Jami'ar Stanford ta Amurka: a ajiye wa yaro alewa ɗaya, a ce in ya jira za a ƙara masa wata. A 2017 Bettina Lamm da abokan aikinta na Jami'ar Osnabrück ta Jamus suka ba da sakamakon irin wannan gwaji da suka yi da yara 'yan shekara 4. Sun gwada 'ya'yan manoman ƙabilar Nso na arewa maso yammacin Kamaru da fanke, suka kwatanta su da yaran Jamus. Kusan kashi 70 cikin ɗari na yaran Nso sun jira minti 10 cif, wasu har barci ya kwashe su. A cikin yaran Jamus kuwa kashi 28 ne suka iya. Masu binciken sun danganta bambancin da yadda iyaye suke renon 'ya'yansu. Wannan bincike ba a Mayo-Rey aka yi shi ba, amma yana nuna cewa hali ne da gida yake dasawa.

6.0 Iyakar Kamun Kai

Bai kamata a ɗora kowane talauci a kan rashin kamun kai ba. Ruwa yakan yi gardama, tsutsa takan ci auduga, farashin taki yakan hau, ciwo yakan cinye ajiyar shekara cikin mako ɗaya. A Mayo-Rey ma an sha fama da masu garkuwa da mutane don kuɗin fansa, har iyalai suka sayar da shanun da suka daɗe suna tarawa. Kamun kai ba ya hana irin waɗannan. Amfaninsa shi ne, abin da yake hannun mutum kada ya salwanta ta hanyar sakacinsa.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da matakai huɗu. Na farko, mutum ya ambaci burinsa da adadi da lokaci, kamar "buhun taki biyu kafin watan Mayu". Na biyu, ya ware rabon burin ranar da abu ya shigo hannunsa. Na uku, ya ajiye shi inda ɗaukowa take da wuya. Na huɗu, ya sanar da wanda yake jin kunyarsa. Ɗalibi ma yana iya bin wannan tsari. Zangon karatu shi ne daminarsa, jarrabawa ita ce sikelinsa. In ya yanke sa'o'in karatu tun makon farko, ya ajiye waya a wani ɗaki, ya sami abokin da za su riƙa bita tare a rana sananna, to ya yi abin da manomin Tcholliré yake yi ranar da ya rufe rumbunsa.