Hunturu da Numfashin Kunkurun Gida a Dakoro

Babban kunkurun Sahel, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata kuma mazauninsa ya ratsa daga Senegal zuwa Habasha, ba ya samar wa jikinsa ɗumi, sai abin da ya samu daga rana da ƙasa. A dajin Dakoro da makamantansa yakan haƙa rami mai zurfi, inda zafi da danshi ba sa sauyawa sosai, amma wanda aka ajiye a tsakar gida kan siminti ya rasa wannan mafaka, don haka sanyin asubahin hunturu da ƙurarsa sukan raunana shi har ƙwayoyin cuta su kama huhunsa. Alamomin su ne majina mai kumfa a hanci, da numfashi baki buɗe, da ƙin cin abinci. Kuma tun da kunkuru ba ya iya tari, majinar takan taru, sai an kai shi wurin likitan dabbobi. A Turai masu kiwonsa sukan sayi fitilar ɗumi da mai hasken UVB, wato hasken da fata ke haɗa bitamin D3 da shi domin ƙarfafa ƙashi da ƙoƙon baya, alhali a Dakoro rana ta wadatar, abin buƙata shi ne inuwa da ƙasar da zai haƙa.