3.2 Zaɓen Manhajar Gyaran Hoto Don Buƙatun Yau da Kullum

A wannan sashe za a yi bayani a kan yadda ake zaɓen manhajar gyaran hoto da yadda ake amfani da ita. Manhajar gyaran hoto wani tsari ne da ake ɗora wa kwamfuta ko wayar hannu domin a datse hoto, ko a ƙara masa haske, ko a rage girmansa, ko a sauya wani abu a jikinsa. Abin lura tun farko shi ne, aikin da mutum zai yi shi ke nuna manhajar da ta dace da shi, ba shaharar manhajar ba.

3.2.1 Rabe-raben Manhajojin

Ana iya kasa su gida biyu. Kashi na farko su ne manya waɗanda aka fi amfani da su a kwamfuta. Fitacciya a cikinsu ita ce Photoshop, wadda kamfanin Adobe na Amurka ya fitar a 1990. Tun daga 2013 ba a sayar da sabon samfurinta, sai dai a riƙa biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara, tamkar haya ke nan. Akwai kuma GIMP, wadda wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya suka fara ƙirƙira a 1995, ita kuwa kyauta ce. Dukansu biyu suna ba da damar a yi gyara hawa-hawa, wato a ɗora rubutu ko wani hoto a kan wani, sannan a cire ɗaya ba tare da an taɓa saura ba.

Kashi na biyu su ne masu sauƙin sarrafawa a waya, kamar Snapseed, wadda ta koma hannun kamfanin Google a 2012, da Canva, wadda ta fito daga Ostireliya a 2013, aka kuma fi saninta wajen tsara kati da fasta.

3.2.2 Ma'aunan Zaɓe

Abubuwa uku ake dubawa: nau'in aiki, da ƙarfin na'ura, da kuma aljihu. Wanda buƙatarsa ita ce rage nauyin hoton fasfo don cike fom a intanet, ƙaramar manhaja ta ishe shi. Ɗora Photoshop a kan kwamfuta marar ƙarfi saboda wannan aiki, linzami ne ya fi ƙarfin bakin kaza. Amma mai sana'ar haɗa kalandar biki, wanda ke cire ango da amarya daga wani hoto ya aza su a kan wani, dole ya nemi babba.

3.2.3 Kiyaye Ingancin Hoto

A nan ne aka fi yin asara. Kowane hoto na kwamfuta tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel. Masu buga hoto kan nemi ɗigo 300 a kowane inci, don haka hoto mai inci 4 da 6 yana buƙatar ɗigo 1200 da 1800. Idan aka rage su, sun tafi ke nan. Manhajojin zamani na iya cike gurbin, amma kintace suke yi, ba ainihin abin da kyamara ta ɗauka ba ne.

Haka kuma, tsarin adana hoto na JPEG, wanda aka samar a 1992, yana rage nauyi ne ta hanyar zubar da wasu bayanai. Duk lokacin da aka gyara hoton aka sake adana shi, sai ingancinsa ya ƙara raguwa. Tsarin PNG ba ya zubar da komai, sai dai ya fi nauyi. Bugu da ƙari, WhatsApp kan matse hoto kafin ya isa, in ba a tura shi a matsayin takarda ba.

Saboda haka, kafin a fara gyara wajibi ne a kwafi hoton, a yi aiki a kan kwafin, a ajiye na asali a wuri dabam. Hoton fasfo ana iya sake ɗaukarsa, amma na ranar ɗaurin aure, ko na mahaifin da ya rasu, idan ya lalace ba shi da madadi.

A sashe na gaba za a duba matakan gyaran ɗaya bayan ɗaya.