Azara a Matsayin Katakon Ginin Jami'a: Nazari Daga Kudancin Jihar Katsina

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce duba irin ginin katako da ya dace da harabar makarantun gaba da sakandare a yankin Funtuwa da Malumfashi. Galibin azuzuwan da muke koyarwa a cikinsu na bulo ne da rufin kwano, waɗanda kan ɗauki zafi ƙwarai da bazara. Bugu da ƙari, masana sun ƙiyasta cewa sarrafa siminti ne ke haifar da kimanin kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Ra'ayinmu shi ne, katakon da ya kamata mu fara dubawa shi ne azara.

2.0 Azara da Tsarin Gini

Daga kututturen giginya ake tsaga azara, musamman namijinta. Ɓangaren waje ne mai ƙarfi, shi ya sa gara ba ta cika cin sa ba. Sai dai azara tana da iyaka: idan faɗin ɗaki ya zarce kamar mita 2, takan lanƙwashe a ƙarƙashin nauyin ƙasar rufi. Magina Hausawa sun warware wannan matsala da bakan gizo, wato a jera azara hawa-hawa daga bango biyu, a ɗaure, a lulluɓe da birji har su haɗu a tsakiya. Da wannan dabara ce Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846). Ke nan, mai zana ɗakin lacca zai fara da tsawon azara, sannan ya raba filin da ginshiƙai da bakuna.

3.0 Matsaloli

Matsala ta farko ita ce ruwa. Damina a Mahuta da kewayenta ta fi ta arewacin jihar ƙarfi, don haka wajibi ne a ɗora ginin kan harsashin dutse, a sa indararo masu tsawo, a kuma ware kuɗin yaɓe kowace shekara. Ruftawar wani sashe na masallacin Zariya a watan Agusta 2023, inda aka rasa rayuka, ta isa ishara cewa irin wannan gini yana buƙatar kulawa a kai a kai.

Ta biyu ita ce ƙarancin giginya. Takan ɗauki shekaru masu yawa kafin ta isa sara, ga kuma faɗaɗar gonaki da haƙar muruci suna rage masu tasowa.

4.0 Kammalawa

Saboda haka muna ba da shawarar duk makarantar da za ta yi irin wannan gini ta keɓe fili ta shuka giginya kafin a aza harsashi, ta kuma jawo tsofaffin magina su yi aiki tare da masu zanen gine-gine, domin ɗalibai su koyi sana'ar tun masu ita na raye.