Gwanayen Besbol Na Da, Waɗanda Ƙwallo Ba Ta Wuce Su

Besbol wasa ne na mutanen Amurka wanda a ke yi da ƙwallo da kulki. Mai jifa ya kan tsaya nisan ƙafa 60 da inci 6 daga mai bugu, ya wurgo ƙwallo da iyakar ƙarfinsa. In mai bugu ya kai duka ya kuskure, ko kuwa ya bar jifa mai kyau ya wuce shi, sai a lissafa masa kuskure ɗaya. In ya cika uku, ya faɗi ke nan, sai ya koma ya zauna bai amfana wa ƙungiyarsa kome ba. A zamanin da, 'yan wasa suna ɗaukar wannan faɗuwa abin kunya ne, har a ka sami waɗansu gwanaye da ba safai ta kan same su ba.

Na farkon da za mu ambata shi ne Willie Keeler, wani gajeren mutum mai tsawon ƙafa 5 da inci 4. Ba ya neman ƙarfi, sai ya riƙe kulkinsa a takaice, ya duba inda babu mai tsaro, ya tura ƙwallo can. Cikin 1899 ya shiga bugu sau 570, amma sau 2 kaɗai ya faɗi.

Na biyu kuwa Joe Sewell, wanda a ka haifa a Alabama cikin 1898. Tun yana yaro ya saba da jefa tsakuwa sama yana bugunta da sandar tsintsiya, da haka idonsa ya horu. Ƙungiyar Cleveland ta ɗauko shi cikin 1920 domin ya maye gurbin Ray Chapman, wanda ƙwallo ta buga a ka ya rasu. Daga 1920 zuwa 1933 Sewell ya shiga bugu sau 7,132, ya faɗi sau 114, watau kusan sau ɗaya cikin 63. Cikin 1929 ya yi wasa 115 a jere bai faɗi ko sau ɗaya ba, cikin 1932 kuma sau 3 ya faɗi duk shekarar.

To, me ya sa irin waɗannan mutane su ka yi wuya? Kafin 1920 a kan daɗe ana wasa da ƙwallo guda har ta yi laushi ta yi baƙi, ba ta zuwa nesa, saboda haka dabara ta fi ƙarfi riba. Bayan rasuwar Chapman sai a ka riƙa sauya ƙwallo da zarar ta yi datti. A wannan shekara kuma Babe Ruth ya buga ƙwallo ta tsallake shinge sau 54, 'yan kallo su ka yi ta tururuwa. Duk rayuwarsa ta wasa ya yi irin wannan bugu sau 714, ya faɗi sau 1,330. Masu ƙungiyoyi su ka ga cinikin ya biya, su ka yarda da yawan faɗuwa muddin akwai babban bugu.

Abin ya yi ta gaba har Mark Reynolds ya faɗi sau 223 cikin 2009, kusan ninkin abin da Sewell ya tara a shekara 14. Cikin 2018 kuwa, a karo na farko, yawan faɗuwa a manyan ƙungiyoyin Amurka ya zarce yawan bugun da ya kai mai shi tudun tsira.

Duk da haka ba a manta da Sewell ba. Cikin 1977 a ka shigar da sunansa zauren tunawa da gwanayen wasan a garin Cooperstown, ya rasu cikin 1990. In mun duba lissafinsa za mu ga cewa aikin da a ka yi sau dubu bakwai da kuskure kaɗan ba sa'a ba ce, horo ne na tun ƙuruciya.