Agogon tauraron ɗan adam: tsaron lokaci da yawan kaɗawa a tsarin GPS da Galileo

1. Gabatarwa

Manufar wannan ƴar takarda ita ce bayyana, cikin harshen Hausa, aikin da agogo yake yi a taurarin ɗan adam masu nuna wuri, watau irin na GPS na ƙasar Amurka da Galileo na Tarayyar Turai. Mun lura cewa ɗalibai da yawa, har da na ajin ƙarshe, suna ɗauka tauraron ne yake hango wayar salula daga sama ya gaya mata inda take. Alhali kuwa tauraron ba ya ganin kowa. Magana guda yake ta maimaitawa dare da rana: ga ƙarfe nawa a agogona, ga kuma inda nake. Na'urar karɓa da ke ƙasa ita ce take auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, sa'an nan ta mai da shi nisa. Da yake saƙon rediyo yana tafiya da gudun haske, kusan kilomita 300 000 a sakan guda, kuskuren mikrosakan ɗaya (kashi ɗaya cikin miliyan na sakan) daidai yake da mita 300, na nanosakan ɗaya (kashi ɗaya cikin miliyan dubu) kuwa santimita 30.

Akwai kalmar da za ta riƙa dawowa, gara mu daidaita a kanta tun yanzu. Abin da littattafan Faransanci ke kira «fréquence» mun fassara shi da «yawan kaɗawa», watau sau nawa abu yake kai da kawowa a cikin sakan guda. Ma'auninsa shi ne herts. Kalmar «mita» da masu sauraron rediyo suka saba da ita ba ta yi mana ba, domin asalinta tsawon zango take aunawa, kuma za ta rikice da mitar awon nisa wadda muke bukata a nan.

2. Abin da ake nema daga agogon

Kowane agogo abu biyu ne a haɗe: mai kaɗawa da mai ƙirga. A agogon hannu, mai kaɗawar ɗan yankin dutsen kwarts ne da yake rawa sau 32 768 a sakan. Kwarts yana da arha, ba ya cin wuta, amma zafi da sanyi suna canza yawan kaɗawarsa, kuma yana gocewa sannu a hankali yayin da yake tsufa. Agogon da ke kuskuren rabin sakan a yini ba wanda zai yi ƙorafi a kansa, amma a wurin tauraro rabin sakan kilomita 150 000 ne.

Duk da haka ba a yar da kwarts ba. Linzami aka sa masa. A cikin agogon ƙwayar zarra, kwarts ne yake samar da kaɗawa, a ninka ta har ta kai miliyoyin dubbai, a haska ta a kan ƙwayoyin zarra na wani sinadari. In yawan kaɗawar ya zo daidai da wanda ƙwayoyin ke amsawa, sai su sauya hali; in ya kauce, amsar ta ragu, na'ura ta gane, ta ja kwarts ɗin ya dawo. Ƙwayar seziyom 133 tana amsawa a herts 9 192 631 770, kuma tun 1967 wannan adadi ne ma'anar sakan a duniya. Louis Essen da Jack Parry ne suka haɗa agogon seziyom na farko mai aiki sosai a 1955, a Teddington ta ƙasar Ingila. Rubidiyom 87 tana amsawa a kusan herts miliyan 6 835, haidurojin a kusan miliyan 1 420.

A nan ne muke so mai karatu ya dakata, domin akwai bambanci tsakanin daidaito da tabbata wanda sau da yawa ake haɗe su. Alal misali, a ce mutum yana da agogo biyu. Na farko yana ƙara minti biyu kowace rana, ba ƙari ba ragi. Na biyu yau ya ƙara sakan goma, gobe ya rage ashirin, jibi ya tafi daidai. In aka duba su ranar Juma'a, na biyu ya fi kusa da gaskiya, amma na farko ne abin dogaro, domin da takarda da alƙalami ana iya sanin lokaci na haƙiƙa daga gare shi ko bayan wata guda. Irin na farkon nan ake so a sama. Hanyar lissafin da aka fi amfani da ita wajen auna wannan tabbata ita ce wadda David Allan ya gabatar a 1966, wadda take kwatanta kowane awo da wanda ya biyo bayansa.

Saboda haka ba a wahalar da kai wajen saita agogon tauraro kullum. Tashoshin ƙasa suna sauraronsa, su auna nawa ya kauce daga lokacin tsarin, da saurin da yake kaucewa, su yi hasashen sa'o'i masu zuwa, su aika masa da lambobin gyara, shi kuma ya saka su cikin saƙon da yake watsowa. Aikin agogon shi ne ya tafi bisa hasashen har zuwa aike na gaba. Bisa alƙaluman Hukumar Sararin Samaniya ta Turai, agogon rubidiyom na Galileo ba ya wuce nanosakan 1,8 na kuskure a cikin sa'a 12, mazar haidurojin kuwa nanosakan 0,45, watau ƙasa da santimita 15. An fara gwada wannan mazar a falaki a tauraron gwaji GIOVE-B a 2008.

Wayar da ke aljihu kuwa kwarts mai arha ne a cikinta. Shi ya sa take bukatar taurari huɗu aƙalla: uku don sanin wuri, na huɗu don gano kuskuren agogonta.

3. Gyaran Einstein

Taurarin GPS suna kewaya duniya a tsayin kusan kilomita 20 200, da gudun kusan kilomita 3,9 a sakan. Bisa ka'idar dangantaka ta Einstein, gudun yana sa agogon ya yi jinkiri da kimanin mikrosakan 7 a yini in an kwatanta shi da na ƙasa, raunin jan duniya a wannan tsayi kuma yana sa shi ya yi sauri da kimanin mikrosakan 45. In an cire wannan daga wancan, saurin mikrosakan 38 ke nan a yini. An auna abin kai tsaye a 1977 da tauraron NTS-2, wanda aka bar agogonsa na seziyom ya yi kwana 20 ba gyara, aka tarar saurin ya dace da lissafi. Maganin da aka ɗauka mai sauƙi ne. Asalin yawan kaɗawar tsarin herts miliyan 10,23 ne, daga gare shi ake ninka zangon watsawa (sau 154 ya ba da miliyan 1 575,42, sau 120 ya ba da miliyan 1 227,60). Sai aka rage shi tun a ƙasa zuwa miliyan 10,22999999543, don in tauraron ya hau, mai sauraro a ƙasa ya ji 10,23 cif.

Littattafan wayar da kai sukan ce in ba don wannan gyara ba, da GPS tana ɓata da fiye da kilomita 10 kowace rana. Lissafin mikrosakan 38 sau gudun haske ne, kuma a matsayin kuskuren nisa tsakanin tauraro guda da agogon ƙasa, gaskiya ne. Amma a ganinmu bai kamata malami ya maimaita shi a aji ba tare da sharhi ba. Saurin da ya shafi dukkan taurari daidai wa daida, na'urar karɓa tana haɗiye mafi yawansa cikin kuskuren agogonta, wanda dama tana lissafa shi. Abin da ya fi cutar da sanin wuri shi ne saɓani tsakanin agogon wannan tauraro da na wancan. Misalinsa: falakin ba cikakken da'ira ba ne, tauraro yana ɗan hawa yana ɗan sauka, agogonsa yana gaba yana baya da ƴan nanosakan gomomi a kowane kewaye. Wannan kam na'urar karɓa ce take gyara shi da kanta, tauraro bayan tauraro.

Wani haɗari ma ya zama alheri ga masu bincike. A watan Agusta na 2014 roka Soyuz da ta tashi daga Kuru ta ajiye taurarin Galileo biyu a falakin da ba shi aka nufa ba, mai siffar ƙwai. Da yake suna hawa da sauka da dubban kilomita, ɗauke da mazar haidurojin, masana a Paris da Bremen suka yi amfani da su suka sake auna tasirin jan duniya a kan agogo. Sakamakon da suka buga a 2018 ya zarce na gwajin Gravity Probe A na 1976 wajen daidaito.

4. In agogo ya tsaya

Agogon ɗakin bincike yana zaune cikin sanyi, da mai kula da shi a kusa. Na tauraro sai ya jure girgizar harbawa, da shiga inuwar duniya da fita rana, da hasken nukiliya na sararin sama, shekara goma ko fiye, ba mai taɓa shi. Don haka ake ɗora fiye da ɗaya. Kowane tauraron Galileo yana da huɗu, mazar haidurojin biyu da rubidiyom biyu. A watan Janairu na 2017 shugaban hukumar ta Turai, Jan Wörner, ya sanar cewa agogo 9 sun tsaya a cikin taurari 18 da ke sama a lokacin: mazar 6, rubidiyom 3. Ba tauraron da ya rasa dukkan nasa, aiki bai tsaya ba. Daga baya aka danganta matsalar rubidiyom da wani ɗan ƙaramin sashe na lantarki mai haddasa haɗewar wuta. Indiya ba ta yi wannan sa'a ba: dukkan agogon rubidiyom uku na tauraronta IRNSS-1A suka tsaya, tauraron da aka harba don maye gurbinsa a watan Agusta na 2017 ya maƙale cikin murfin roka, sai a Afrilu na 2018 IRNSS-1I ya hau.

Abin lura shi ne, tangarɗa biyu da suka fi taɓa jama'a daga ƙasa suka taso, agogon sama suna lafiya lau. Ranar 26 ga Janairu na 2016, yayin fitar da wani tsohon tauraron GPS daga aiki, aka aika wa wasu taurari lambar gyara mai kuskuren kimanin mikrosakan 13 a bambancin lokacin GPS da lokacin duniya na UTC. Masu neman hanya ba su ji komai ba, amma na'urorin sadarwa da na rediyon dijital da ke ɗaukar lokacinsu daga GPS suka yi ta ƙararrawa har tsawon sa'o'i. (A tuna cewa lokacin GPS, wanda ya fara ranar 6 ga Janairu na 1980, ba ya karɓar sakan ɗin ƙari da ake saka wa UTC, tun farkon 2017 yana gaban UTC da sakan 18.) A watan Yuli na 2019 kuma Galileo ta daina aikin nuna wuri kusan mako guda, saboda matsala a na'urorin ƙasa masu lissafa lokaci da falaki, cibiyoyin kula da tsarin suna Fucino ta Italiya da Oberpfaffenhofen ta Jamus. Taurarin suna ta kaɗawa yadda ya kamata, amma lambobin gyaran da suke watsowa sun tsufa, na'urorin karɓa suka ƙi aiki da su.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, ko da yake ba mu da tauraro ko ɗaya a cikin waɗannan tsare-tsare. Mai awon fili a Maradi ko Tawa, da matuƙin jirgin da ke dosar Yamai, da duk wata na'urar sadarwa da ke ɗaukar lokacinta daga sama, suna dogara ne da hasashen da wata cibiya a Amurka ko Turai ta yi ƴan sa'o'i da suka wuce. Na'urorin karɓa na yanzu suna sauraron GPS da Galileo da GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin a lokaci guda, kowanne da nasa lokacin tsari. Saboda haka a lissafin da muka faɗa a sama, na wuri da agogo, kowane tsari da aka ƙara yana kawo sabon abin da ba a sani ba, watau tazarar da ke tsakanin lokacinsa da na sauran, sai dai in saƙon tauraron ya ba da ita, kamar yadda Galileo take watso tazararta da GPS.