LAMBU BA ƘASA: YARA MASU KOYON DAHUWA SUN SHIGA NOMA

Duk manomi ya san ba a shuka sai da ƙasa. To, ga shi a birnin New York na ƙasar Amirka akwai wata makarantar sakandare inda yara su ke noman latas da ganyayen miya, ba ƙasa, ba fartanya, ba jiran damina.

Sunan makarantar Food and Finance High School, tana cikin unguwar Manhattan. Babban abin da a ke koya wa yara a can shi ne aikin kuku, watau dahuwa da tafiyar da gidan abinci. Amma yaron birni ya kan tashi bai taɓa ganin inda tumatir ya ke tsirowa ba, sai dai ya gan shi a kanti. Saboda haka ma'aikatan gona na Jami'ar Cornell suka kafa wurin gwaji a cikin makarantar, a ƙarƙashin wani masani mai suna Philson Warner. A shekarar 2017 kuma aka buɗe ɗakin gilas na shuke-shuke a kan rufin ginin.

Yaya a ke wannan noma? Abin da tsiro ke nema a ƙasa ba ƙasar ba ce kanta. Ruwa ya ke so, da iska, da abincin da ke narke a cikinta, irin wanda takin zamani ke bayarwa. Sai a narka abincin nan cikin ruwa bisa awo, a jera tsire-tsire a kan bututu mai huji, saiwoyinsu na lilo ciki. Ɗan inji ya tura ruwan ya bi ta saiwoyin, ya komo tanki, ya sāke zagayawa. Da haka ruwa kaɗan ya kan isa, don ba ya nutsewa ƙasa. Ba ciyawa, ba noman farko balle maimai. Latas ya kan isa yanka cikin mako 5 ko 6.

Har wa yau yaran sun koyi kiwon karfasa a cikin tankuna. Kashin kifi ya kan ɓata ruwa, amma akwai waɗansu ƙwayoyi da ido ba ya gani masu juya shi ya zama taki. Idan aka bi da ruwan ta wurin shuka, sai saiwa ta tsotse takin, ruwan ya koma wa kifi da tsabta. Kifin da ganyen kuwa duk madafa su ke nufa. Wanda ya yi renon tsiro da hannunsa ba ya saurin zubar da abinci.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani malami na Jami'ar Kalifoniya, William Gericke, shi ya fara yaɗa ta a 1929, har ya sami tumatir mai tsawon ƙafa 25. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojan Amirka sun yi irin wannan lambu a tsibirin Ascension, inda ƙasa duk dutse ce.

Amma fa kada mai karatu ya ce ya huta da garma. Kayan aikin suna da tsada. Idan lantarki ya ɗauke, inji ya tsaya, saiwa ta kan bushe kafin a farga. Ciwo in ya shiga ruwan, sai ya game dukan shukar. Awon taki kuma sai da lura kullum, in ya yi yawa ya ƙone tsiro. Sa'an nan abin ya fi dacewa da ganye da tumatir da tattasai. Gero da dawa da masara, har gobe gona ce tasu.

Duk da haka akwai abin koyi. Birane suna cinye filayen noma, ruwa kuma yana ƙara wuya. Makarantar da ta haɗa wa yaro tukunya da lambu ta ba shi sana'a biyu. Icce kuwa tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.